"Ga shi can" ba kwatance ba ne: yaya za mu koya wa yaranmu bisa, ƙasa, gaba da baya?

Uwar Uku, Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram, barkanku da hantsi. Wata damuwa ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da iyaye a cikinmu.

Ɗana na fari shekararsa shida, bana ya shiga CI, ajin farko na lakwal, wato makarantar boko. Ya dawo daga lakwal da kayensa na rubutu, an zana masu tebur an ce kowa ya zana ƙwallo "sous la table", wato ƙarƙashin tebur. Shi ya ɗora nasa bisa tebur, madam ta ja masa jan biro. Na ce a raina ai Faransanci ne, bai saba ba tukuna. To da yamma ina tuƙin tuwo sai na ce masa da Hausa, Hausar da ya sha a nono, ya shiga ɗaki ya ɗauko mini babban kwano yana ƙarƙashin gado. Ya shiga ya daɗe, ya fito ya ce babu. Na ajiye muciya na je, ga kwano nan inda na ce. Shi bisa katifa ya yi ta nema, har da ɗaga matashi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe ba a Faransanci kaɗai matsalar take ba. Ga ƙanwarsa mai shekara uku da rabi tana tasowa, ba na so in sake yin sake. Ba ni da kuɗin kayan wasan kanti. Me zan yi a cikin gida da abin da nake da shi?

Hajiya Kaka, Birni:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, yaronki lafiyarsa lau. Mu wa ya zaunar da mu ya koya mana ƙarƙashi? Aike ne ya koya mana. Ki yawaita aikensa kawai.

Malamar Jardan:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ina da tambaya ɗaya gare ki, Yaya. Ranar da ba ki cikin sauri, in za ki aike shi ɗauko abu, me kike ce masa? Ki tuna kalmomin da suke fita daga bakinki daidai.

Uwar Uku, Garin Malam:
Madam kin sa ni tunani. Yawanci cewa nake "miƙo mini abin can", in nuna da hannu. In hannuna na cikin ƙullu sai in tura baki wajen.

Malamar Jardan:
To a nan take. Ba ke kaɗai ba ce, kusan dukanmu haka muke yi, kuma ina ganin sakamakonsa kowane Oktoba in sababbin yara suka zo mini jardan, ajin ƙanana kafin firamare. Yaron da aka saba nuna masa da yatsa ko da leɓe, idonsa ne yake aiki, kunnensa yana hutawa. Yana bin hannunki ya sami abin, ke ki ce yaro ya ji aike, alhali kalmar ba ta shiga kansa ba. Ranar da kika ce "ƙarƙashin gado" ba tare da nuni ba, abin da ya kama shi ne "gado". Ya je wajen gado, ya duba inda ya saba ganin kaya, wato bisa. Bai yi wauta ba, rabin maganar da ya sani ya bi.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne su riƙe hannunsu su saki bakinsu. Maimakon "ga shi can", ki ce "ludayi yana cikin ƙwarya, ƙwaryar tana bisa turmi". In ya tsaya yana raba ido, ki ƙyale shi ya nema kaɗan, sannan ki je tare da shi ki taɓa wurin ki maimaita: "ka gani, cikin ƙwarya". Kada ki yi masa tsawa a lokacin, yaron da aka firgita ba ya jin komai sai bugun zuciyarsa.

Kuma daga abin da na gani a aji, ba lokaci guda kalmomin suke zama ba. Ciki, waje, bisa da ƙasa su ne suke fara kama 'yan shekara biyu zuwa uku. Ƙarƙashi yana biyo baya. Gaba, baya da gefe sai wajen uku zuwa huɗu. Tsakani ya fi su wuya domin yana buƙatar yaro ya riƙe abu biyu a kansa. Dama da hagu kuwa, ɗan shekara shida ma yana iya rikicewa, ba abin tashin hankali ba ne.

Hajiya Kaka, Birni:
Madam, kada dai ki raina "can". Hausa ba ta yi mana rowa a nan ba. Akwai nan da nake zaune, akwai nan wajenki, akwai can da muke hangowa, akwai caaan da ido ba ya kaiwa. Murya ce take raba su. Jikata 'yar shekara uku in na ja "caaan" ta san ba tsakar gida nake nufi ba, ta san sai an fita zaure.

Malamar Jardan:
Allah ya ƙara girma Hajiya, ban raina ba. Nan da can suna gaya wa yaro nisa. Abin da ba sa gaya masa shi ne ko abin yana bisa randa ne ko bayanta. A haɗa su biyun: "yana can, bayan randa".

Baban Yara, ɗan kasuwa:
Ni fa ina ganin ana kewaye ne. Matar nan ta ce an ja wa ɗanta jan biro a kan "sous". Jarrabawa da Faransanci za a yi masa, tun daga firamare har BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Me zai hana ta fara da sur, sous, devant, derrière, wato bisa, ƙarƙashi, gaba, baya, kai tsaye? Hausa ai ba inda za ta gudu, a titi ma zai tsince ta. Ni nawa tun suna shekara uku da Faransanci nake aikensu.

Tsohon Mushe, Zongo:
Alhaji, na yi shekaru masu yawa ina mushe, wato malamin lakwal, da alli a hannu, yawancinsu a ƙauyukan Mirya da Matamai, ka bar ni in ce wani abu a kan wannan.

Yaron da ya san ƙarƙashi da jikinsa, ya taɓa rarrafawa ƙarƙashin amalanke, ya taɓa leƙa ƙarƙashin rumbu neman ƙwan zabuwa, wannan in na ce masa Bafaranshe "sous" yake ce wa ƙarƙashi, aikin minti biyar ne. Suna kawai na sauya masa. Amma wanda bai riƙe ma'anar da kowane harshe ba, nauyi biyu nake ɗora masa lokaci guda: sabuwar ma'ana da sabon sauti. Kuma sautin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wasulan Hausa biyar ne, a, e, i, o, u. Wannan "u" na Faransanci da ke cikin "sur", wanda ake tsuke baki a fitar, babu shi a Hausa. Kunnen ɗan Bahaushe "su" yake ji a sur, "su" yake ji a sous. In mushe ya haɗiye "r" ɗin ƙarshe, shi ke nan sun zama kalma guda. Dessus da dessous kuwa sun fi haka muni, na ga manya masu takardar shaida suna tuntuɓe a kansu. To ka ce abu biyu kishiyoyin juna, bisa da ƙasa, su shigo wa yaro da sauti ɗaya?

Da Hausa "bisa" da "ƙarƙashi" ko mai barci ba zai rikita su ba. Shi ya sa nake cewa a kafa turken da Hausa, a ɗaure Faransanci a jikinsa daga baya. Kuma wannan ba sabon tunani ba ne a garin nan. Lakwal ta farko a Nijar da aka gwada fara karatu da harshen gida a nan Damagaram aka buɗe ta a 1973, da Hausa. Bana kuma ba sai an tuna wa kowa ba cewa tun 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Baban Yara, ɗan kasuwa:
Mushe na ji, kuma ban musa maka ilimi ba. Amma nawa yaran ba su rikice ba.

Tsohon Mushe, Zongo:
Madalla, Allah ya ƙara masu basira. Amma ka tambayi uwarsu da wane harshe take aikensu daga safe zuwa dare lokacin da kake kasuwa. Ina kyautata zaton turken nan ita ta riga ta kafa shi, kai kana ɗaure ne kawai.

Baban Yara, ɗan kasuwa:
Wannan kam gaskiya ne, da Hausa take yi masu. To na yarda da rabi. A yi duka biyun, kada a ce sai yaro ya shiga CI sannan zai fara jin sur da sous.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena ku ba ni dama in sa baki, harshe nake karanta a jami'ar André Salifou kuma wannan batu yana burge ni. Inna Uwar Uku, kayan wasan da kike cewa ba ki da kuɗinsu, yaronki yana yawo da su a jikinsa. Ki duba kalmomin da kyau. "Kan tebur" daga kai ne. "Cikin ɗaki" daga ciki. "Bayan gida" daga baya. "Gaban malam" daga gaba. "Bakin ƙofa", "bakin rijiya", "bakin kasuwa" daga baki. "Gindin bishiya" daga gindi. Har lokaci ma da jiki muke auna shi, muna cewa goshin magariba, goshin azumi. Bahaushe ya ɗauki jikin mutum ya rarraba wa duniya.

Saboda haka ni da ƙannena haka nake yi. In ce "ina kanka?" ya dafa. "Ɗora faifai a kanka." Ya ɗora. "To ina kan turmi? Ɗora faifai a kan turmi." Daga nan "ina bayanka? Ina bayan Inna? Je ka tsaya bayan Inna. To ina bayan ƙofa?" Yaro yana dariya yana tsammanin wasa ne, alhali ya ɗauki kalma daga jikinsa ya kai ta jikin abu. Ƙaramar ƙanwata ta taɓa tambayata ko rijiya tana cin tuwo tunda tana da baki. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin ta nuna ta gano inda kalmar ta fito.

Uwar Uku, Garin Malam:
Ikon Allah. Shekara talatin ina faɗin "gindin bishiya" ban taɓa lura ba. Allah ya yi maki albarka ƙanwata.

Ɗalibar Jami'a:
Amin Inna. Amma akwai wani wuri mai santsi da nake so malamai su duba, gaba da baya. Ku gwada yanzu in kuna gida. Ku ajiye ƙwarya a tabarma nesa kaɗan da ku. Ku ajiye ludayi can gaba da inda take, wato ƙwaryar tana tsakaninku da ludayin, amma kuna ganin duka biyun. Ina ludayi yake, gaban ƙwarya ko bayanta?

Hajiya Kaka, Birni:
Gaba da ƙwarya mana. Wannan ma tambaya ce?

Malamar Jardan:
Ni bayan ƙwarya zan ce. Derrière.

Ɗan Kabu-kabu:
Gaba yake. In na ce wa mutum gidan yana gaba da masallaci ai sai ya wuce masallacin.

Ɗalibar Jami'a:
Kun gani? Ga mu Hausawa uku, amsa biyu. Hajiya da ɗan uwa mai kabu-kabu sun ba da amsar Hausa ta asali: muna ɗaukar ƙwaryar kamar tana tafiya tare da mu, ta ba mu baya, fuskarta na kallon inda muke kallo, kamar sahun salla. Abin da ya wuce ta ya yi gaba. Faransanci kuwa yana ɗaukar ƙwaryar kamar ta juyo tana fuskantarmu, don haka abin da ke tsakaninmu da ita shi ne devant, na can kuma derrière. Madam ta ba da amsar lakwal. Wani masanin harshe Ba'amurke, Clifford Hill, ya yi rubutu a kan wannan bambanci na Hausa tun da daɗewa. Sai dai in abin ya ɓuya, kamar yaro ya laɓe a jikin katanga ba a ganinsa, a nan mu ma "bayan katanga" muke cewa.

Abin da yake damuna shi ne yaron da zai ba da amsar kakarsa a aji a ja masa jan biro, ya koma gida yana ganin shi daƙiƙi ne.

Malamar Jardan:
Kin buɗe mini ido, wallahi. Na sha gyara wa yara wannan ina zaton kuskure ne. Daga yau zan fara da abubuwan da suke da fuska tasu, waɗanda babu gardama a kansu: mutum, akuya, babur, kujera mai jingina. Gaban akuya inda kanta yake, ko ta ina ka tsaya. Ƙwarya da ƙwallo da bishiya, marasa fuska, sai daga baya, kuma in gaya masu a fili cewa Hausa ga yadda take gani, Faransanci ga yadda yake gani.

Tsohon Mushe, Zongo:
Da na san wannan ina saurayi da yara da yawa ba su sha jan biro a hannuna ba. 'Yata, ki rubuta wannan ki kai wa masu horar da malamai.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni dai roƙona ga iyaye ku dage, domin mu muke shan wahalar manyan da ba a koya wa ba. Kullum sai na ɗauki mutum daga Kasuwar Dole, in ce ina muka nufa, ya ce "mu je nan gaba kaɗan". Mu kai mararraba in ce dama ko hagu, ya ce "nan", yana nuni a bayana inda ba na gani. Ranar Alhamis da kasuwa ta cika wannan "nan" ɗin tana iya jawo haɗari. Tsofaffi kuwa ba ruwansu, tsohuwa za ta ce maka yamma da fadar Sarki, kudu da dutsen nan, ƙofa ta biyu mai kallon gabas. Ka kai ta har bakin zaure ba tambaya.

Malam Mai Allo, Birni:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Ina so in tuna mana cewa tarbiyyar da addini ya ɗora mana cike take da wannan darasi, ba sai an ware masa lokaci ba. Hadisin Umar ɗan Abu Salama yana cikin Buhari da Muslim: yana yaro hannunsa na yawo cikin akushi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Ku duba, dama da gaba a zama ɗaya, a bakin akushi. Shiga masallaci da ƙafar dama, shiga bayi da ta hagu, alwala a fara da dama, sallama dama sannan hagu. Alƙiblarmu a nan gabas ce da ɗan karkata arewa. Yaron da ya san inda ake fuskanta in za a yi salla ya sami gabas, bayansa yamma, hagunsa arewa, damansa kudu. Abin da tsofaffin da ɗan uwa ya ambata suke aiki da shi ke nan.

A makarantar allo kuma ina ganin bambanci ƙarara. In yaro ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, me muke ce masa? Wasali bisa, wasali ƙasa. Ba ɗigonta a ƙasa, nun ɗigonta a bisa. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a bisa. Wanda ya zo daga gida bai rarrabe bisa da ƙasa ba sai ya daɗe a wurin, a yi ta cewa ba shi da ƙoƙari, alhali kalma biyu ce ta tsare shi.

Tsohon Mushe, Zongo:
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Yaro ɗaya da asuba yana wajenka yana rubutu daga dama zuwa hagu, ƙarfe takwas yana wajenmu muna cewa daga hagu zuwa dama. Ga b da d, cikin ɗaya na dama, na ɗayan na hagu. Ga p da q haka. In da Hausa ne ga ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a bisa. Duk karatun farko kwatancen wuri ne.

Tela, Sabon Gari:
Ina neman afuwa, amma tunda an zo maganar dama da hagu ba zan iya yin shiru ba. Ni bahaguwa ce. Ina ƙarama an ɗaure mini hannun hagu da tsumma, an buge shi da ludayi ba adadi. Na koyi ci da dama, alhamdu lillahi, kuma har yau da shi nake ci da karɓa da bayarwa. Amma kalmar "hagu" ta zame mini abin tsoro, har na girma in aka ce juya hagu sai gabana ya faɗi in tsaya ina tunani. Almakashi da allura kuwa da hagun nan nake riƙe su, da shi nake ciyar da 'ya'yana.

Don Allah in kuna koya wa yara, kada ku ce hannu mai kyau da hannu marar kyau. Ku ce hannun cin tuwo da ɗaya hannun, daga baya ku ba su sunansu.

Malam Mai Allo, Birni:
Malama, abin da aka yi maki ba shi hadisin ya koyar ba. Da magana mai taushi aka gyara wa yaron, kuma ya ce haka cin abincinsa ya kasance daga ranar. Ci da sha da dama ne. Duka da ɗauri ba su cikin umarnin.

Malamar Jardan:
Dabarar da nake yi: in sa wa yaro zare ko warwaro a hannun dama na 'yan kwanaki, ko ranar lalle a fara da dama a ce "yau dama ta riga hagu". Kuma in za ki nuna masa, ki tsaya gefensa ku kalli wuri ɗaya. In kika fuskance shi kika ɗaga damanki, shi hagunsa zai ɗaga, domin shi ne yake daura da naki. Gane daman wani mutum da ke fuskantarka sai yaro ya ƙara girma, wajen bakwai ko takwas.

Hajiya Kaka, Birni:
To ni bari in ba 'yata wasannin da muka tashi da su, tunda na ga an koma boko. Tuwon ƙasa: ki zauna kusa kina tsinkar zogale, ki ce ta ɗora gwangwani bisa duwatsu uku, ta sa kara ƙarƙashi, ta zuba ƙasa ciki, ta ajiye murfi gefe. Goyon 'yar tsana: a baya ake goyo, a gaba ake rungume. Carafke: dutse ɗaya sama, saura ƙasa. 'Yar gala-gala: jefa cikin gida, kada ƙafa ta taka kan layi. Da dare kacici-kacici, "Baba na ɗaka gemu na waje", yaro ya ce wuta da hayaƙi, ga ciki ga waje. Sai ɓuya, wanda ya fi duka. Amma ki ƙara masa abu ɗaya: wanda ya gano ɗan uwansa sai ya faɗi inda ya same shi da baki. "Na gan ka bayan randa." In bai faɗa ba, bai ci ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya wasan ɓuya yana da kyau, amma a shata masa iyaka tun kafin a fara. Ban da cikin randa ko duro, ban da tsohon firiji, ban da cikin mota, ban da akwatin da yake rufuwa. Yaro yana iya shiga ya kasa fita, ga zafin garin nan. Ƙarƙashin tarin itace ko bulo kuma gidan kunama ne, a koya masu leƙawa da ido kafin a tura hannu.

Kuma wannan ne dalilin da ya sa ni nake ganin kalmomin nan sun wuce maganar jan biro. Da damina tapkunan garin nan suna cika. Uwa tana cewa "kada ka je bakin tapki", "ka tsaya nesa da rijiya", "kada ka bi bayan mota tana ja da baya", "ka bi gefen kwalta". In yaro bai riƙe baki da nesa da gefe ba, gargaɗin iska ne ya wuce ta kunnensa. Haka in ya zo mana ba lafiya, wanda zai iya cewa ciwon yana ƙasan cibiya ta dama ya taimake mu fiye da wanda zai ce "cikina" kawai.

Uwar Uku, Garin Malam:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana takwas. Na riƙe hannuna kamar yadda Madam ta ce, kuma ba sauƙi, sau da yawa sai na ga yatsana ya riga bakina. Mun mai da shi wasa bayan la'asar: ina ɓoye alkaki guda ɗaya, in faɗi inda yake sau ɗaya tak, wanda ya samo shi ne mai shi. Ranar farko na ce ƙarƙashin faifai, babban ya tsaya yana kallon bisa faifan, ƙaramar ce ta ɗaga ta cinye. Ya yi kuka. Washegari tun ban rufe baki ba ya kai hannu ƙarƙashin tabarma. Yanzu shi yake ɓoyewa ya ba ni kwatance, jiya har ya ce mini "bayan jarka, kusa da gindin dogon yaro". Babansu ya ɗauki shawarar Alhaji, in yaron ya samo sai ya ce masa to da Faransanci fa, yana jan "surrr" ɗin da ƙarfi don ya bambanta.

Inda muka maƙale shi ne tsakani. Na ce alkaki yana tsakanin turmi da randa, sai ya leƙa cikin turmi, ya leƙa cikin randa, ya dawo.

Malamar Jardan:
Barka Yaya, wannan ci gaba ne babba. Tsakani kuma ki fara da jikinsa kafin alkaki. Da dare in za ku ci tuwo ki zauna nan, babansu can, ki ce ya zo ya zauna tsakaninku. Gobe ƙanwar ce a tsakani, jibi kwanon miya. In ya saba sai ki koma turmi da randa, amma ki matso da su kusa da juna yadda zai gan su duka biyu da kallo ɗaya, ki bar tazarar da ba ta fi taki ɗaya ba.

Tela, Sabon Gari:
Kuma in kin zo kan dama da hagu ki lura da hannun da ƙaramar take fara miƙawa in za ta ɗaga faifan. Ki gaya mini, in bahaguwa ce ina da ƙaramin almakashi da zan ajiye mata.